Ƙyanƙyasar Ƙwan Kaji a Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Na taso na ga Inna tana sa wa kaza ƙwai a cikin tsohon kwando a bayan rumbu, kuma da kazar kwanci na fara nawa kiwon kafin daga baya na sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa. Tun daga lokacin, 'yan uwa da maƙwabta ba su daina zuwa da tambaya ba, wani da murna, wani da kiret ɗin ƙwan da ya ƙi fashewa. Tambayoyin nasu ne na tattara a nan. Abin da zai yi ta dawowa cikin amsoshin shi ne yanayin ƙasarmu, domin takardar da ke zuwa a cikin kwalin inji ba ta san hunturu ba, ba ta san zafin Afrilu ba, ba ta san ana ɗauke wuta ba.

Malam, in na sayi kiret ɗin ƙwai a shago na sa a inji, zai ƙyanƙyashe?

Ba zai yi ba. Ƙwan shago na kajin gidan gona ne, waɗanda ake kiwo don ƙwai kawai, babu zakara a cikinsu. Kaza tana saka ƙwai ko da zakara ko babu, amma ƙwan da zakara bai yi barbara ba, ko wata guda ya yi a inji ba abin da zai fito. Ka nemi ƙwai a wurin wanda ka ga zakaransa da idonka. Zakara ɗaya mai ƙarfi ya ishi kaji takwas zuwa goma. In kajin sun fi haka yawa, za ka riƙa samun ƙwai da dama marasa ɗa. In kuma an yanka zakaran ko ya mutu, ƙwan da kajin za su saka a cikin kusan kwana goma na gaba yana iya kasancewa da ɗa, daga nan sai abin ya yi ta raguwa.

Kwana nawa ake yi?

Ƙwan kaza kwana 21. Na zabuwa 26 zuwa 28, na talotalo 28, na agwagwar gida irin wadda muka saba gani a unguwa kwana 35, na salwa 17 zuwa 18. Ranar da ka sa ƙwan ba ta cikin lissafi, washegari ce rana ta ɗaya. Ka rubuta kwanan watan a bango ko a jikin injin, kada ka ce za ka riƙe a ka.

Wane irin ƙwai zan zaɓa, kuma kwana nawa zan iya tara shi kafin in sa?

A nan ne mafi yawan asara take farawa, tun kafin a kunna inji. Zaɓi matsakaici, mai santsin ɓawo, wanda ba tsagu a jikinsa. Ƙaton ƙwai sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, kuma da wuya ya yi. Ƙarami ƙwarai, ko mai dogon baki, ko mai ɓawo kamar yashi, a kai shi kicin.

Kada ka wanke. Akwai wani siririn rufi da kaza ke fito da ƙwai da shi, ido ba ya gani, shi ke toshe ƙananan ƙofofin ɓawo don kada ƙwayoyin cuta su shiga. Ruwa yana cire shi, har ma ya tura dattin ciki. In kashin kaza ne kaɗan, kankare shi a bushe. In ya yi kaca-kaca, bar shi.

Batun tarawa kuwa, mako guda ne iyakar da nake ba da shawara, a bazara ma ban so ya wuce kwana huɗu ko biyar. Dalili shi ne ƙwai yana son a ajiye shi a sanyin da bai wuce digiri 18 ba, mu kuwa ɗakunanmu a watan Maris zuwa Mayu sun ninka haka. A irin wannan zafin ɗan da ke ciki yakan fara girma a gurguje, ya tsaya, ya sake farawa, kafin ya shiga inji ya riga ya galabaita. Firiji kuma sanyinsa ya yi yawa. Abin da nake yi shi ne in kwashe ƙwai sau biyu ko uku a rana, in jera a kiret da tsinin a ƙasa, in ajiye a gindin randa, inda ƙasa ke da sanyi-sanyi da laima. In daga wani gari aka kawo maka a mota, bar shi ya huta yini da kwana kafin ya shiga inji, don abin da hanya ta girgiza ya natsa.

Kaza ko inji, wanne ya fi?

In ƙwai goma ko goma sha biyu kake so, kuma kana da kazar Hausa mai kwanci, ba injin da zai fi ta. Ba ruwanta da wuta, ita ke juya ƙwanta, ita ke daidaita zafi, in sun fito ita za ta ɗumama su ta koya musu tono, in shirwa ta gifta ita za ta tara su ƙarƙashin fiffike. Matsalarta biyu: ba ta kwanci sai lokacin da ta ga dama, kuma duk tsawon kwanci da reno ba ta saka ƙwai, wata biyu ko fiye. Kajin gidan gona masu yawan ƙwai, irin su Shika Brown da cibiyar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ta samar, an zaɓe su ne don ƙwai, ba kasafai suke kwanci ba. Mai irin waɗannan, ko mai son tsaki hamsin a lokaci guda, dole ya nemi inji.

Ni mace ce, kaji biyar gare ni a tsakar gida. Yaya zan kula da mai kwanci?

Hajiya, da farko ki tabbatar kwancin na gaske ne: ta kwana biyu ba ta tashi daga gurbi ba, in kin kai hannu ta buɗe gashi ta yi miki gurnani. Sai ki ware mata wuri mai duhu-duhu inda sauran kaji ba za su dame ta ba, ki sa mata ƙwan da dare. Kada ya wuce abin da jikinta zai rufe. In kina hango ƙwai a gefe, ya yi yawa.

Inna takan ɗauki gawayi ta ja layi a jikin kowane ƙwai kafin ta sa. Ina yaro na ɗauka camfi ne. Ashe saboda sauran kaji ne da ke lallaɓawa su saka nasu a gurbin mai kwanci. Wanda ba shi da layi, sabo ne, sai a cire, don in aka bar shi ba zai fito tare da 'yan uwansa ba, uwar kuma za ta tashi ta bar shi. Ki ajiye mata ruwa da hatsi kusa, ki zuba toka a wani lungu ta riƙa birgima saboda ƙuma da ƙwarƙwata. In kin ga ta tashi na ɗan lokaci sau ɗaya a rana, kada ki kore ta ta koma, haka ya kamata.

Da damina, lokacin da zabi ke zubo ƙwai, mutanenmu sun daɗe da sanin dabarar ba wa kaza ƙwan zabuwa, tunda zabuwa ba ta iya reno ba. Yana yi sosai. Sai dai in za ki haɗa da na kaza a gurbi ɗaya, na zabuwar ya riga shiga da mako guda.

Zafi nawa zan saita injin?

Inji mai fanka a ciki, digiri 37.5. Wanda ba shi da fanka, kusan 38.5, a auna daidai saman ƙwan, domin a irinsa sama ta fi ƙasa zafi. Ka kunna shi ya yi yini da kwana babu komai a ciki, ka ga ko yana riƙe zafinsa, sannan ka sa ƙwai.

Kuma kada ka yarda da lambar da ke jikin injin ita kaɗai. Injina na farko, mai cin ƙwai 48, na saye shi ne a wani shago a kasuwa, mai shagon ya rantse mini an gwada. Na ajiye shi a ɗakin kwanon rufi a watan Afrilu, lambar tana nuna 37.5 dare da rana, ni kuwa hankalina kwance. Tsaki tara suka fito, tun a rana ta 19, wasu cibiyarsu ba ta rufe ba, biyu ƙafafunsu a karkace. Sauran da na fasa, duk sun mutu a ciki da gashinsu. Na daɗe ban manta da wannan safiyar ba. Da na sayo ma'aunin zafin jiki irin na kemis na sa a ciki, sai ga shi ya haura 39. Tun daga ranar ba na sa ƙwai sai da ma'auni biyu. Na kemis ɗin ba shi da tsada, kuma an yi shi ne don auna zafi daidai wannan matakin.

Ka riƙe wannan: zafi ya fi sanyi kisa. Ƙwai yana jure ɗan sanyi na sa'o'i, amma in zafi ya kai 41 ya daɗe, an gama. Ƙananan injuna kuwa ɗumamawa kawai suka iya, ba su iya sanyayawa ba. In ɗakin kansa ya kai 40 da azahar, kamar yadda ake yi a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi a tsakiyar bazara, injin ba shi da abin yi. Nemi ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan, ɗakin ƙasa in akwai, nesa da taga, inda rana ba ta taɓa shi.

To ruwan da ake zubawa a ciki fa, na mene ne?

Na laima ne. Ƙwai yana fitar da ruwa ta ƙofofin ɓawonsa a hankali, kuma ana so daga ranar farko zuwa ta 18 ya rage kusan kashi 12 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa. Wurin da ruwan ya bari shi ke zama ɗakin iska a ɓangaren ƙwai mai faɗi, kuma da wannan iskar ɗan tsako zai yi numfashinsa na farko. Laimar da ake so kashi 50 zuwa 55 ce a kwanaki 18 na farko, sannan 65 zuwa 70 a ukun ƙarshe.

Takardar injin za ta gaya maka yawan ruwan da za ka zuba a kwano. Ni kuwa cewa nake ka dubi watan da kake ciki. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe ƙamas, leɓe ma tsagewa yake yi. Ruwan kwano kan ƙone kafin ka ankara, ɗakin iska ya yi girma fiye da kima, fatar ciki ta bushe ta naɗe ɗan tsako ya kasa juyawa. A lokacin sai ka ƙara kwano, ko ka sa soso mai ruwa, domin faɗin fuskar ruwan ne ke ƙara laima, ba zurfinsa ba. A watan Agusta kuwa akasin haka ne: iskar gari ta riga ta jiƙe, in ka cika kwanuka ƙwan ba zai rage ruwa ba, ɗan tsako ya girma ya cika ɓawo, ya huda ɗakin iska ya tarar da ruwa. A irin wannan lokacin ruwa kaɗan ya isa, wani lokaci ma ba na zubawa sai kwanakin ƙarshe. Ruwan ya zama mai ɗumi. Kuma kada ka toshe ƙofofin iskar injin don neman laima. Abin da ke cikin ƙwai numfashi yake yi.

Dole ne a riƙa juyawa?

Dole ne, musamman a makon farko da na biyu, don kada ɗan ya manne da fatar ɓawo. In injinka ba ya juyawa da kansa, sa alama da fensir a gefe biyu na kowane ƙwai, ka juya sau uku ko biyar a rana. Ana son adadin ya zama mara, don kada kullum ya kwana a gefe ɗaya. Ni na haɗa shi da lokutan salla, bayan kowace salla in wanke hannu in juya, shi ya sa ba na mantawa. A rana ta 18 a daina.

In an ɗauke wuta fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya amsa wa kansa kafin ya sayi inji. Awa biyu ko uku ba komai, kazar ma tana tashi ta bar ƙwanta. Kada ka buɗe murfi, rufa masa bargo ka bar ƙofar iska a buɗe. In abin ya yi tsawo, cika gorar roba da ruwan ɗumi, naɗe ta da tsumma, sa a ciki ba tare da ta taɓa ƙwai ba, kana duba ma'auni. Da wutar ta dawo ka cire bargon. Ɗaukewar wuta mai tsawo takan jinkirta fitowa da yini guda, don haka kada ka yi saurin zubarwa.

Amma wannan duk dabarar gaggawa ce. Wanda unguwarsu ke yini babu wuta, ya nemi inji mai aiki da batir, ya haɗa da farantin sola, ko mai aiki da kananzir. Janareta na kwana 21 zai cinye kuɗin tsakin tun ba su fito ba.

Zan iya haɗa inji da kaina?

Za ka iya, da kula irin ta ajiye ƙanƙara ko akwatin katako, da ƙwan lantarki irin na da mai zafi, da ƙaramar fanka, da kwanon ruwa. Fararen ƙwayayen lantarki na yanzu ba sa ba da zafin kirki. Abin da ba zan yarda ka yi babu shi ba shi ne na'urar da ke kashe wuta ta kunna da kanta in zafi ya kai. Fara da ƙwai goma.

Yaya zan gane akwai ɗa a ciki?

Da tocila. A rana ta bakwai, da dare, ka kashe fitila, ka naɗe bakin tocilar da yatsunka, ka ɗora ɓangaren ƙwai mai faɗi a kai. Mai rai za ka ga jijiyoyi jajaye sun bazu kamar saƙar gizo, da wani ɗigo baƙi a tsakiya, idonsa ke nan. In ka tsaya cik za ka ga yana motsi a hankali. Ranar da na fara gani, sai da na kira yara suka zo suka kewaye ni, ƙaramarsu tana riƙe numfashi kada ta firgita shi. Wanda ya yi fayau kamar ƙwan shago, babu ɗa. Wanda ke da jan zobe a kewaye, ya fara ya mutu. In kana shakka, sa masa alama ka sake dubawa a rana ta 14, a nan ne kuma za ka ga ko ɗakin iska yana girma daidai. Ƙwan zabuwa ɓawonsa kauri gare shi, sai da tocila mai ƙarfi.

Cire marasa rai. Baragurbi in ya fashe a cikin inji, warin kaɗai ya isa, kuma yana iya ɓata sauran. Duk wanda ya fara wari ko yana tsattsafo da ruwa, ɗauke shi a hankali ka binne.

Da gaske ne ƙwai mai tsini zakara ne, mai zagaye kaza?

A'a. Siffar ƙwai daga uwar take. Za ka samu kusan rabi da rabi.

Me ke faruwa a kwana ukun ƙarshe?

A rana ta 18 ka daina juyawa, ka kwantar da ƙwan a gefe, ka ƙara ruwa, ka shimfiɗa wani abu mara santsi a ƙasa don kada ƙafafunsu su baje, sannan ka rufe murfi ka cire hannunka. Wajen rana ta 19 zuwa 20 ɗan tsako zai huda ɗakin iska. In ka kara kunne za ka ji kuka daga cikin ƙwan da bai fashe ba. Daga nan sai ya ƙwanƙwasa ɓawo da wani ɗan ƙaho da ke kan bakinsa, ya yi 'yar huda. Sai ya yi shiru. Wannan shirun yana iya kai awa 12 har 24, kuma a nan ne mutane ke ɓata aikinsu, su yi ta buɗe murfi suna leƙe, laima ta fice, fatar ciki ta bushe. Ba mutuwa ya yi ba, gwaiduwa yake ƙarasa janyewa cikin cikinsa, jinin jijiyoyin fata kuma yana komawa jikinsa. In ya gama zai zagaye ɓawon da sara, ya tura da ƙafa, ya faɗo a jiƙe, a gajiye.

Ya huda amma ya kasa fitowa, in taimaka masa?

Yawanci a'a. In ka ɓare da wuri za ka tsinka jijiya, jini ya zuba, ko ka fito da shi gwaiduwa na rataye. In ya wuce awa 24 da hudawa, 'yan uwansa sun fito, fatar ta bushe ta koma ruwan ƙasa, yana kuka da ƙarfi amma ba ya gaba, to kana iya ɓalle ɓawo kaɗan-kaɗan ta ɓangaren mai faɗi, kana jiƙa fatar da auduga da ruwan ɗumi, ban da hancinsa. Da ka ga jini, tsaya, mayar da shi. Wanda bai huda ba har rana ta 23, haƙura za ka yi. Ka fasa su a waje ka duba: in yawancinsu babu ɗa, laifin zakara ne ko ajiya; in sun girma suka mutu, koma kan zafi da laima da iska.

Sun fito. Sai me?

Bar su a inji su bushe, gashinsu ya tashi, ko da yini guda ne. Gwaiduwar da suka janye tana riƙe su har kwana biyu, ba yunwa suke ji ba. Kafin nan ka shirya musu kwali ko lungu da aka kewaye, da ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa, da zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana ragewa kusan digiri uku kowane mako. Su da kansu za su gaya maka: in sun cure a gindin fitila suna kuka, sanyi suke ji, in sun gudu gefe sun buɗe baki, zafi ya yi yawa, in sun bazu suna tsattsaga, daidai ne. Mai amfani da kaskon gawayi ya bar gawayin ya ruru a waje tukuna, kuma kada ya rufe ɗaki ruf, hayaƙinsa yana kashe tsaki, yana kashe mutum.

Ruwa ne farko, a murfi mara zurfi da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse. Tsoma bakin biyu ko uku, sauran za su kwaikwaya. Abinci kuwa na 'yan tsaki da ake sayarwa a buhu ya fi gero ko dusa zalla, saboda suna buƙatar abin gina jiki a makonnin farko. Sannan rigakafi: cutar Niyukasil, wadda ke share kajin unguwa musamman da hunturu, da Gumboro, duk ana yin nasu a makonnin farko. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin waɗannan magunguna, kuma likitan dabbobi na kusa da kai zai tsara maka ranakun. Ka tabbatar a cikin ƙanƙara aka miƙo maka shi, ka kuma yi amfani da shi da zarar an haɗa.

Cikin ƙwai 50, nawa zan sa rai?

In ƙwan na gidanka ne, sabo, zakara lafiyayye, wuta ba ta ba ka wahala ba, samun 35 zuwa 40 aiki ne mai kyau. A karon farko ko rabi ka samu kada ka karaya. Kafin ka sa zubi na biyu, kwashe ɓawo da gashi, wanke injin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, bar shi ya bushe a buɗe, sannan ka rubuta a littafi watan da aka yi, da zafin da ma'auninka ya nuna, da yawan ruwan da ka zuba, da ranar da na farko ya huda.